Yadda za ka ratsa tsoffin garuruwan kudancin Jamus a kan keke, daga Würzburg har Füssen

To 'yan uwa mazauna Jamus da maƙwabtanta, ɗalibai ne ko ma'aikata, ko ma wanda ya samu bizar Shengen ya shigo hutu, in kana da sati ɗaya da 'yan kwanaki a hannu kuma ƙafarka na iya taka feda, akwai wata hanya a kudancin ƙasar da ya kamata ka sani. Sunan da za ka gani a jikin allunan hanya shi ne Romantische Straße, ka riƙe shi a haka domin da shi za ka dinga tambaya. Ta taso daga Würzburg a arewacin jihar Bayern, ta ɗan leƙa cikin jihar Baden-Württemberg, ta dawo ta gangara kudu har Füssen a gindin tsaunukan Alps dab da iyakar Ostiriya. A 1950 aka haɗa ta, bayan yaƙin duniya na biyu, don a jawo 'yan yawon buɗe ido, kuma ɓangaren masu keke ya kai wajen kilomita 500, yawancinsa ƙananan tituna ne na cikin gonaki da hanyoyin da aka ware wa keke kawai, ba ruwanka da manyan motoci.

Abu na farko, kuma shi ne wanda mutane suka fi yin kuskure a kai, kar ka zauna da kalkuleta ka raba 500 gida biyar ka ce ai kullum ɗari ɗari shikenan na gama. Da tudu ake lissafin wannan tafiyar da kuma inda kake so yamma ta yi maka. Akwai ranar da kilomita 70 za su wuce kamar wasa, akwai ranar da 40 kacal za su sa ka sauka ka tura keken kana haki. Würzburg bai kai mita 200 sama da teku ba, Füssen kuwa wajen mita 800, ka ga kenan in daga arewa ka taso hawa kake yi a hankali a hankali. Wasu saboda haka sai su juya, su fara daga Füssen su yi ta gangara, kuma ba laifi in gwiwarka na damunka. Amma ni dai shawarata daga arewa, domin kwanakin farko masu sauƙi ne jiki zai saba, sannan tsaunuka su riƙa fitowa gabanka kaɗan kaɗan a kwanakin ƙarshe, ba wai ka ba su baya tun ranar farko ba. Ka ba tafiyar kwana 8 zuwa 10.

Lokaci kuma daga Mayu zuwa Satumba. Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare, ga isasshen haske, amma asuba ma tana yi tun wajen ƙarfe 3, sai ka san yadda za ka tsara barcinka. Agusta hutun makaranta ne a Bayern, masauki na tsada kuma yana cika. Farkon Satumba ya fi min, ba zafi sosai, jama'a sun ragu. Ko ma yaushe ne ka ɗauki rigar ruwa, ruwan sama a can ba ya sallama.

Maganar keke. Ba sai ka sayi na miliyoyi ba dan Allah, abin da kake buƙata keke mai giya da yawa, musamman giya mai laushi ta hawan tudu, da taya mai ɗan faɗi saboda akwai wuraren tsakuwa, da kariya a baya inda za ka rataya jakunkuna biyu. Jakar goyo a baya kar ka fara, kwana biyu za ka ji kafaɗa da ƙugu sun riƙe. Ana bada hayar keke a Würzburg da Augsburg da Füssen, har da mai batir wanda ke taimaka maka zuwa gudun kilomita 25 a awa, kuma in za a yi tafiyar da iyali ko da wani dattijo to gaskiya mai batir ɗin shi ne rufin asiri, sai dai kullum da daddare a tuna a sa caji. In haya za ka yi ka tambaya tun farko ko za ka iya ajiye keken a ƙarshen hanya ko dole sai ka dawo musu da shi, wannan na canza lissafin kuɗi sosai. Dokar Jamus tana so keke ya kasance da fitila gaba da baya, da ƙararrawa, da birki biyu masu aiki. Hular kwano ba dole ba ce a doka, amma ka sa abinka, akwai gangaren da za ka gode wa Allah da ka sa.

Sannan ka koyi faci kafin ka bar gida. Can ba kamar gida ba ne da za ka tura keke 'yan taku ka samu mai faci a gindin bishiya, kana iya yin kilomita 15 ba shagon gyara, in kuma Lahadi ce to a rufe yake ko ka same shi. Tiyub biyu na ajiya, kayan faci, ƙaramin famfo, 'yan sifanu, man cen, shikenan. Wando mai soso a mazaunai shi ma ka saya, in kana jin kunyar matsattsen ka ɗora wando mai faɗi a kai, ba wanda zai sani, kuma 'yan uwa mata haka da yawa suke yi da doguwar riga zuwa gwiwa da hijabi ƙarami a ƙarƙashin hula, abin kiyayewa kawai kar wani yadi ya yi tsawon da zai shiga cen ko taya.

Zuwa Würzburg da keke a jirgin ƙasa, ƙananan jiragen yanki suna da tarago mai hoton keke a jiki, sai ka sayi tikitin keke daban ban da naka, domin a Bayern ko kana da tikitin wata na duk ƙasa bai ɗauke maka na keken ba. Manyan jirage masu gudu kuwa sai ka kama wa keken wuri tun da wuri, guraben kaɗan ne.

Würzburg ka ba shi rabin yini. Ranar 16 ga Maris 1945 jiragen yaƙin Birtaniya suka ƙone kusan duk tsakiyar garin, yawancin abin da za ka gani sake ginawa aka yi. Ka shiga Residenz, fadar bishop-bishop ɗin da suka mulki garin, tana cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO tun 1981, ka tsaya a kan tsohuwar gadar kogin Main ka kalli sansanin Marienberg a saman tudu da gonakin inabi a jikinsa. Kar ka ɓata ƙarfinka wajen hawa can da keke a ranar farko, ɗaure shi a ƙasa ka taka.

Daga nan hanya za ta kai ka kwarin kogin Tauber, kuma nan ne wurin hutawa na duk tafiyar. Tauberbischofsheim, Bad Mergentheim mai fadar mayaƙan coci na da, Weikersheim mai fada da lambu wanda ya cancanci awa biyu, Creglingen, duk a bakin ruwa suke, ƙauye bayan ƙauye, gidajen katako da farar ƙasa, gonakin inabi a gefe. Sai dai kar sauƙin ya ruɗe ka. Daga Creglingen hanya ta fara hawa da sauka, kuma Rothenburg da kake nufi a can saman kwarin yake zaune, wato hawan da ya fi zafi yana zuwa ne a ƙarshen yini lokacin da ƙafa ta riga ta gaji. Ka rage ruwa da ɗan dabino don wannan wurin. Ka sauya giya tun kafin ka shiga tudun, ba sai kana tsakiya kana danna feda da ƙarfi ba, a nan ne cen ke zamewa ko ta tsinke. In ya gagara ka sauka ka tura, Jamusawan ma turawa suke yi.

Rothenburg ob der Tauber, nan dole ka kwana, kuma a cikin ganuwa ba waje ba ko da ya ɗan fi tsada. Dalili kuwa, daga wajen ƙarfe 10 na safe zuwa la'asar garin ba masaka tsinke, manyan bas na sauke mutane daga ko'ina a duniya, kowa na son hoto a wannan lungun da ake kira Plönlein inda hanya ta rabu biyu tsakanin hasumiyoyi. Da yamma ta yi sai bas su kwashe mutanensu su tafi, garin ya koma hannun masu shi da irinka da suka kwana. Mai keke yana da wannan gatan, yana isowa lokacin da wasu ke tafiya, yana tashi kafin su dawo, to kar ka zubar da shi ta hanyar isa da tsakar rana ka wuce. Ka hau saman ganuwa ka zagaya, akwai rufi a kanta, a jikin bango za ka ga sunayen mutanen da suka bada kuɗi aka sake gina inda bam ya rushe a 1945. Duk wanda ya san Ƙofar Mata ko Ƙofar Na'isa a Kano zai gane tsarin nan take, gari a ciki, ƙofofi masu suna, gonaki a waje, bambancin dai su sun riƙe tasu da dutse da gyara na kullum. Suna da wani labari na 1631 lokacin yaƙin shekara 30, wai tsohon magajin gari ya shanye tulun giya mai fiye da lita 3 a tashi ɗaya don kwamandan da ya ci garin ya fasa ƙone shi, labarin baka ne amma duk shekara suna bikinsa. Akwai kuma wani soyayyen fulawa mai kama da ƙwallo da ake sayarwa ko'ina, Schneeballen, ka tambaya kafin ka saya domin wasu na zuba barasa a kwaɓin, kuma ni a ganina ma ya fi kyau a ido fiye da a baki.

Tunda an zo maganar ci. Yankin nan na naman alade ne, ba ɓoye-ɓoye. Kalmomi uku za ka haddace ka dinga dubawa a takardar abinci, Schwein da Speck da Schinken, har miyar dankali da salak ma ana iya yanka musu shi a ciki. Abin da zai fisshe ka a ƙauyuka kifi ne, da Käsespätzle, wata taliyar ƙwai da cuku da soyayyar albasa mai riƙe ciki sosai, da burodi daga gidan burodi da safe. A garuruwa masu ɗan girma ba ka rasa shagon döner na Turkawa, wato gasasshen nama a cikin burodi, tambaya kawai za ka yi ko halal ne. Ruwan famfo ana sha, ka cika gorarka a masauki. Kantuna a Bayern ƙarfe 8 na dare sun rufe, Lahadi kuma gaba ɗaya a rufe sai gidan mai da wasu gidajen burodi da safe, saboda haka ranar Asabar ka yi cefanen kwana biyu. Ka riƙe tsabar kuɗi a aljihu, ƙananan wurare da yawa ba sa karɓar kati. Sallah kuma matafiyi ne kai, ga ƙasaru ga haɗawa, alƙibla kudu maso gabas, ƙaramar darduma mai naɗewa ba ta da nauyi, kuma wurin tsayawa a gefen gona ko bakin kogi ba ya wuya. Juma'a in ka tsara ta faɗo maka a Würzburg ko Augsburg akwai masallatai.

Bayan Rothenburg sai tuddan Frankenhöhe. Schillingsfürst fadarsa a saman tudu take, za ka hango ta tun daga nesa ka san abin da ke jiranka. Wannan ranar, Rothenburg zuwa Dinkelsbühl ta Feuchtwangen, wajen kilomita 60 ce kuma ba ta wasa ba ce, ka tashi da wuri. Dinkelsbühl yaƙin duniya na biyu bai rushe shi ba, gidajensa na asali ne, ga ganuwa ga tafkuna a gefenta, ga shi ba cunkoso kamar Rothenburg. In aka ce min in zaɓi ɗaya in ƙara kwana, shi zan zaɓa.

Nördlingen kuma abin mamakinsa daban ne. Kana cikin hawa da sauka sai kawai ƙasa ta baje ta zama fili shimfiɗaɗɗe zagaye da tuddai, ashe a cikin rami kake, wani dutse ne ya faɗo daga sama wajen shekara miliyan 15 da suka wuce ya haƙa rami mai faɗin kusan kilomita 25, garin kuma a ciki aka gina shi. Da dutsen da wannan faɗuwar ta narkar aka gina cocin garin, har 'yan sama jannatin Amurka na Apollo 14 sun zo nan a 1970 koyon sanin duwatsu kafin su tafi wata. Ka ɗaure keke ka hau hasumiyar cocin da suke kira Daniel, mita 90, matakala wajen 350, daga sama za ka ga garin a kewaye cif da ganuwarsa, wadda za ka iya takawa a kanta ka zagayo inda ka fara ba yankewa. Ƙafa za ta yi ƙorafi amma ka hau.

Fita daga ramin sai an hau bakinsa, daga nan sai Harburg, kuma ga wanda yake son ganin ainihin gidan yaƙi na da, wannan ne. Tun ƙarni na 12 ake ambatonsa a rubuce, yana zaune a kan dutse saman kogin Wörnitz, da katanga mai kauri da ramukan harbi da rijiya da kurkuku, an gina shi ne don a tsare hanya ba don ado ba. Mutane da yawa na wuce shi da gudu saboda hankalinsu na kan Neuschwanstein, shahararriyar fadar da ke ƙarshen hanya, kar ka bi su. Ka bar keke a ƙasa wajen tsohuwar gadar dutse ka hau da ƙafa, ka shiga zagayen da ake yi da ɗan rakiya.

Daga Donauwörth, inda Wörnitz ya shiga kogin Danube, zuwa Augsburg har Landsberg, fili ne a bakin kogin Lech, kuma gaskiya wani ɓangaren ba abin kallo sosai. In kwanakinka sun yi kaɗan nan ne wurin yankewa, ka sa keke a jirgi daga Donauwörth zuwa Augsburg ka huta, ba wanda zai tuhume ka. A Augsburg ka leƙa Fuggerei, unguwar da attajiri Jakob Fugger ya kafa wa talakawan garin a 1521, har yau mutane na zaune a ciki kuma kuɗin hayar shekara bai kai yuro ɗaya ba, santi 88, da sharaɗin mai zama ya kasance ɗan Katolika mabuƙaci kuma ya riƙa yi wa iyalan mai gidan addu'a kullum. Nan ne kuma wurin gyaran keke in wani abu na ƙara, da wanki, da cin shinkafa mai yaji in ka yi kewarta.

Daga Landsberg zuwa Schongau zuwa Füssen tudu ya dawo da ƙarfinsa, a nan ka rage tsawon yini zuwa kilomita 40 ko 50. Ƙasar makiyaya ce, ciyawa kore shar, shanu da ƙararrawa a wuya, hawa gajere gajere amma ba ya ƙarewa, kana gama wannan ga wani. In gari ya waye tas za ka fara hango Alps tun daga nan. Cocin Wies da ke tsakiyar makiyaya kusa da Steingaden yana jerin UNESCO tun 1983, ko ba ka shiga ba wurin ya isa a tsaya a sha ruwa. Abu ɗaya da za ka kiyaye a wannan yankin da ma duk kudancin Jamus shi ne kaska, tana cikin doguwar ciyawa kuma tana ɗauke da cuta mai taɓa ƙwaƙwalwa, akwai rigakafinta in ka tambayi likita da wuri, kuma kullum da yamma ka duba ƙafafu da bayan gwiwa. Lambar gaggawa 112.

Masauki ban ce komai ba tukuna. Ka nemi masu alamar Bett+Bike, waɗannan sun yarda su karɓi mai keke ko na dare ɗaya ne kuma suna da ɗakin kulle keke. Akwai gidajen kwanan matasa masu araha a Würzburg da Rothenburg da Augsburg da Füssen. Kafa tanti a daji haka kawai doka ta hana, sai a filin da aka ware. Rothenburg da Füssen ka kama ɗaki tun makonni kafin ka taso, sauran kana iya yi kwana ɗaya ko biyu kafin ka isa.

Sai Schwangau, inda fadoji biyu ke kallon juna. Mai ruwan ɗorawa ita ce Hohenschwangau, wadda Sarki Maximilian na 2 ya gyara, a nan ɗansa Ludwig na 2 ya yi yarinta. Fara mai hasumiyoyi a can sama ita ce Neuschwanstein, wadda Ludwig ya fara ginawa a 1869, ya ci bashi iya wuya a kanta da sauran gine-ginensa, aka tsige shi a 1886 aka ce ya taɓu, 'yan kwanaki bayan nan aka tsinci gawarsa a tafkin Starnberg, ginin bai ma ƙare ba. Ba a taɓa yaƙi a cikinta ba, mafarkin mutum ɗaya ce, kuma yanzu sama da mutum miliyan ɗaya ke zuwa duk shekara. Tikiti ta intanet ake saya tun da wuri, da lokacin shiga a rubuce a jiki, in ka makara ko da minti kaɗan ne ya tafi kenan. Daga ofishin tikiti zuwa ƙofa tafiyar ƙafa ce ta wajen minti 30 zuwa 40 a kan tudu, ka bar keke a ƙasa da kwaɗo mai kyau, jakunkuna kuma ka baro su a masauki domin ba a shiga da manyan kaya, ba a kuma ɗaukar hoto a ciki. Zagayen cikin bai fi rabin awa ba. In ba ka samu tikiti ba kar ka damu kanka, ka wuce gadar Marienbrücke da ke bayan fadar, kyauta ce, kuma daga nan ake ɗaukar hoton nan da kowa ya sani, ka je da sassafe kafin layi ya yi tsawo.

Füssen bai fi kilomita 5 daga nan ba. Jirgin yanki zuwa Munich wajen awa biyu ne, yana ɗaukar keke, amma ranar Asabar da Lahadi da yamma taragon kekuna na cika maƙil har a bar mutum a tasha, saboda haka ka tsara komawarka ta faɗo ranar aiki, ko ka kama jirgin farko na safe.